Gidan marayu za a gina, ko gidajen da ke riƙon marayu za a tallafa?

Sakataren Ikkilisiya: Salama a gare ku, iyaye da 'yan'uwa. Akwai maganar da ke ta dawowa a taron dattawa a ikkilisiyoyin Filato da Kudancin Kaduna, musamman inda rikici ya bar yara ba iyaye. Ikkilisiya tana da ɗan fili, akwai ragowar baikon godiya, sai kai ya rabu biyu: wasu su ce a gina gidan marayu, wasu su ce a bar yaran cikin gidaje a riƙa taimaka wa masu riƙonsu. Waɗanda suka san aikin, ku faɗa mana yadda ake yi dalla-dalla. Ba wa'azi muke nema ba, Yakubu 1:27, ayar kula da marayu da gwauraye, kowa ya haddace ta.

Jami'ar Walwala: Baba Sakatare, kafin gini ko rabo, a fara da ƙirga. A sami littafi, mutum biyu su bi gida-gida, mace da namiji. A rubuta sunan yaro, shekarunsa, wa ya rasu cikin iyayensa, a hannun wa yake kwana yanzu, ko yana zuwa makaranta, sau nawa ake ɗora tukunya a gidan, ko yana da takardar haihuwa da katin rigakafi.

Abin da littafin kan nuna shi ne yawancin yaran suna da inda suke kwana. Suna wurin uwa gwauruwa, ko kaka, ko gwaggo, ko kawu. Riƙo ya riga ya kankama, tallafi ne babu. Daga nan sai a kasa su uku. Na farko, masu uwa ko uba a raye waɗanda talauci kawai ya matsa: waɗannan ba a ɗauke su, gidan ake tallafa wa. Na biyu, waɗanda ke hannun dangi: a taimaka, a kuma sa ido. Na uku, waɗanda ba a san danginsu ba, ko waɗanda ake cuta a inda suke. Su ne kaɗai ke bukatar sabon gida, kuma su ne mafi ƙaranci.

Dattijon Kwamitin Gini: 'Yata, na ji, amma ban gamsu ba. Wa bai san yadda ake yi da maraya a gidan dangi ba? Shi ne ɗiban ruwa, shi ne talla, shi ne mai kankare tukunya. A gidan marayu kuwa suna wuri ɗaya, ido yana kansu, abinci iri ɗaya, makaranta ɗaya. Sa'an nan masu bayarwa sun fi sakin hannu idan suna ganin gini da idonsu.

Malamin Tarbiyyar Yara: Baba, abin da ka faɗa game da gidan dangi yana faruwa, ba a musu. Sai dai an gwada hanyoyin biyu a gefen juna. A shekarar 2000 masu bincike daga Amurka suka fara bin yara 136 da ke gidajen marayu a Bukares, babban birnin Romaniya. Aka mayar da rabinsu gidajen masu riƙo da aka horar, rabi suka ci gaba da zama inda suke. Waɗanda suka koma cikin iyali sun fi a magana, da kaifin basira, da shaƙuwa da babba, kuma waɗanda aka mayar kafin su cika shekara 2 su suka fi amfana. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Jariri yana bukatar mutum ɗaya da zai amsa kukansa yau, ya amsa gobe, ya amsa jibi. A gidan marayu ma'aikata karɓa-karɓa suke yi, mai safe daban, mai dare daban, idan albashi ya makara ta ajiye aiki wata ta zo. Yaro ya saba da ita ke nan sai ta ɓace. Shi ya sa za ka ga yaran irin waɗannan gidaje suna rugowa su rungume duk baƙon da ya shigo. Mutane kan ce kai, yaran nan akwai son mutane, alhali alama ce ta rashin nasu na kansu.

Ƙa'idojin Majalisar Ɗinkin Duniya na 2009 kan renon yaran da ba sa hannun iyayensu sun ce ƙananan yara, musamman 'yan ƙasa da shekara 3, a rene su cikin iyali, kada talauci kaɗai ya zama dalilin raba yaro da iyayensa, kada kuma a raba 'yan ɗaki ɗaya sai da ƙwaƙƙwaran dalili. Ruwanda, wadda ta san maraici sosai bayan kisan kiyashin 1994, ta fara rufe gidajen marayunta tun 2012 tana mayar da yaran cikin gidaje.

Jami'ar Walwala: Ƙari a kan haka, gini yana jawo yaran da ba marayu ba. Gwauruwa mai 'ya'ya biyar ta ji akwai inda ake cin abinci sau uku da makaranta kyauta, za ta kawo biyu ta ce ba su da kowa. Da an ba ta kuɗin makarantar da buhun masara, da suna ɗakinta. Kuma yaron da ya girma a gidan marayu, ranar da ya cika 18 ina zai nufa? Ba gonar uba, ba kawun da zai je masa neman aure, wani ma harshen garinsu ya kufce masa.

Dattijon Kwamitin Gini: To, a ce na yarda rabi. Wa zai hana a mayar da yarinya 'yar aiki?

Mama Shugabar Zumunta: Mu ne, Baba, in an ba mu aikin da gaske. Zumuntar Mata tana shiga ɗakin da dattijo ba zai shiga ba. Amma ziyarar a san abin da ake dubawa, ba a zauna a falo a sha zoɓo a yi addu'a a tashi ba. A duba inda take kwana: katifa ce ko tabarma a kicin? Akwai gidan sauro? Da wa take ɗaki? Yarinya ba ta kwana ɗaki ɗaya da samarin gida, ko an ce ai 'yan'uwa ne. Makarantarta ɗaya da 'ya'yan gida, ko su suna ta kuɗi ita tana jiran su da wanke-wanke? A buɗe jakarta a ga littattafan, kwanan watan aikin ƙarshe da malami ya duba zai gaya miki yaushe rabonta da aji. A dubi tafin hannunta. Ranar Kirsimeti a lura ko an ɗinka mata irin na sauran.

A je wata-wata a watanni shida na farko, daga baya duk wata uku, wani lokaci ba tare da sanarwa ba. A sami minti goma da yarinyar ita kaɗai, a tsakar gida inda ana hangen ku amma ba a jin ku. Kada a tambaye ta ko ana kula da ita, za ta ce e. A ce ta ba da labarin jiya tun daga tashi har kwanciya, a nan za a ji ƙarfe nawa ta tashi da abin da ta ci.

Lauya: Bari in shigo da takarda, domin nan ne ikkilisiyoyi suka fi yin sakaci. Kyakkyawar niyya ba ta kare mutum a gaban ɗan sanda. Wanda aka tare a shingen hanya da yaran da ba nasa ba, ba takardar komai, ana iya tuhumarsa da safarar yara a miƙa shi ga NAPTIP, hukumar yaƙi da safarar mutane, ko da fasto ne.

Dokar Kare Haƙƙin Yara ta 2003 ta ware kashi na 11 ga riƙo, na 12 ga ɗaukar yaro ya zama ɗa na dindindin. Jihohi suna da nasu: Filato ta yi tata a 2005, Kaduna a 2018, don haka a nemi ta jiharku a karanta, akwai 'yan bambance-bambance. A riƙo, yaro yana nan da sunan ubansa da danginsa da gadonsa, kotu ta ba ka kulawa ne kawai, kuma tana iya janye ta. A dokar tarayya, mai neman riƙo ya kai shekara 25, ya girmi yaron da aƙalla shekara 21, ɗan Najeriya ne, yana zaune jiha ɗaya da yaron, yana da abin ciyar da shi, likita ya tabbatar da lafiyar jikinsa da ta hankalinsa. Ba a ba mutum fiye da yara uku sai da dalili na musamman.

Yadda ake bi: a fara da sashen walwalar jama'a na ƙaramar hukuma ko ma'aikatar jiha mai kula da mata da yara. A rubuta takardar nema, a haɗa da takardar aure, takardar haihuwa ko ta rantsuwar shekaru, hotunan fasfo da takardar lafiya daga asibitin gwamnati. Jami'i zai zo ya ga gidan, ya rubuta rahoto. A sami amincewar iyaye ko dangin da ke raye a rubuce. Sai kotun iyali ta ba da umarni. Bayan haka ba a miƙa yaron ga wani, ba a fita da shi ƙasar waje, sai da sanin kotu. Bayarwa ko karɓar kuɗi domin a sami yaro laifi ne, ko an kira shi goro ko kuɗin mota.

Sakataren Ikkilisiya: Barista, kakar da ke riƙon jikokinta a ƙauye fa, ita ma sai ta je kotu?

Lauya: A aikace ba kowace za ta iya ba, Baba. Mafi ƙarancin abin da za a yi mata shi ne zaman dangin uba da na uwa a gaban mai unguwa ko dagaci, a rubuta wa ke riƙe da wa, kowa ya sa hannu, a kai kwafi ofishin walwala. Amma duk yaron da zai shiga gidan da ba na jininsa ba, a bi ta kotu.

Jami'ar Walwala: Yaron da aka tsinta, ko wanda gudun hijira ya raba da iyaye, kada a yi saurin kiran sa maraya. A kai rahoto ga 'yan sanda da ofishinmu a ranar. A rubuta inda aka same shi da lokacin, a ɗauki hotonsa da kayan jikinsa, a adana kayan kada a zubar don sun tsufa, wata uwa da rigar za ta gane ɗanta. A rubuta duk sunan da ya ambata, na mutum ko na ƙauye ko na makaranta, kafin ya manta. Kada a canza masa suna, kada a ɗauke shi zuwa wani gari mai nisa, domin masu nemansa nan za su fara zuwa. Ƙungiyar Red Cross tana da sashen sada iyalan da suka rabu, a ba su bayanin.

Nas: Makon farko a kai shi asibiti ko da yana wasa lafiya lau. A auna nauyi da tsawo. Ɗan wata 6 zuwa shekara 5 a auna damtsensa: ƙasa da santimita 11.5, ko kumburin ƙafafu biyu, tamowa ce mai tsanani. Irin wannan ba a cika masa ciki da tuwo da nama don tausayi, jikinsa ba zai ɗauka ba, har yana iya mutuwa. A cibiyar kula da tamowa ake farfaɗo da shi a hankali. A gwada jini don sikila da ƙanjamau. Ɗan ƙasa da wata 18 gwajin gaggawa na ƙanjamau ba ya yanke hukunci a kansa, domin abin da jinin uwarsa ya bar masa yake nunawa, sai gwajin PCR, mai neman ƙwayar cutar kanta. Idan dama yana shan maganin ƙanjamau, a karɓo takardar sauyin asibiti kafin ya ƙaura, kada kwana ɗaya ya wuce bai sha ba, kuma wannan sirri ne tsakanin masu riƙo da asibiti, ba batun roƙon addu'a a sujada ba. Tarin da ya wuce mako biyu a gwada tarin fuka. Maganin tsutsar ciki duk wata shida daga shekara 1. In babu katin rigakafi a faɗa wa ma'aikatan, za su cike abin da ya rasa. Takardar haihuwa kuma a ofishin Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ake yi, da sunan iyayensa na asali.

Jaririn da uwarsa ta rasu shi ne mai tsada, kuma shi ikkilisiya ta fi raina lissafinsa. Idan akwai mai shayarwa a dangi, aka gwada ta ba ta da ƙanjamau, kuma ta yarda, wannan ya fi gwangwani. In babu, madarar jarirai ta watanni shida na farko ta kai kilo 20, wato gwangwani 50 masu giram 400. Abin da ke kashe su shi ne gwangwani ya kusa ƙarewa, kaka ta ƙara ruwa don ya kai ƙarshen wata, ko ta koma kunu da madarar shayi. Sai gudawa, sai rama. Don haka kada a yi alkawarin jariri sai an san daga ina gwangwani 50 ɗin za su fito. Ruwa a tafasa, a bi awon da ke jikin gwangwani, a ba shi da ƙaramin kofi domin bulunboti yana da wuyar wankewa, abin da ya rage a zubar.

Ma'aji: Ta fannin kuɗi, a yi kasafi da kaya, ba da naira ba, domin farashin Janairu ba shi ne na Agusta ba. Ga ɗan firamare, a lissafa kamar buhun masara ko dawa ɗaya mai kilo 100 a shekara, wake kamar kilo 20, sai mai, sabulu, yunifom biyu, takalmi, littattafai da kuɗin makaranta na zango uku. Hatsi a tara lokacin baikon godiya da kaka, sa'ad da yake da araha, a sa a buhun da iska ba ta shiga saboda ƙwari, a riƙa fitarwa wata-wata, a kuma ajiye mai yawa don Yuli da Agusta. Kuɗin makaranta a biya a makarantar a karɓi rasit. A sa yaron cikin inshorar lafiya ta jiha, PLASCHEMA a Filato, KADCHMA a Kaduna. Asusun ya zama daban da na gini, mutum biyu ke sa hannu, a karanta rahoto duk wata uku ba tare da sunan yaro ba.

Kuskuren da ake yawan yi: a kawo wa maraya sabon takalmi da jaka, 'ya'yan gida suna kallo da silifas a tsinke. Ranar nan aka saya masa ƙiyayya. Abin da za a kai, a kai wa gidan duka. Kada kuma tallafin ya yi yawan da mutum zai nemi riƙo don buhun.

Malamin Tarbiyyar Yara: A gaya wa masu riƙo tun farko abin da za su gani, domin rashin sani ke sa a mayar da yaro bayan wata uku. Makonnin farko zai yi lamo, ladabi kamar me. Da ya fara sakin jiki sai hali ya fito: fitsarin kwance, ɓoye abinci a ƙarƙashin katifa, ƙaryar da ba ta da amfani, firgita cikin dare, fushi kan abin da bai kai ya kawo ba. Wannan ba butulci ba ne. Yaron da ya kwana da yunwa yana ɓoye tuwo ne don bai yarda gobe akwai ba. A ba shi ɗan kwano mai murfi da gyaɗa ko biskit, a ce nasa ne, ba mai taɓawa, yawanci ɓoyon yana raguwa da kansa. Fitsarin kwance: leda a kan katifa, a rage ruwa bayan abincin dare, ya zaga kafin ya kwanta, a wanke da safe ba gori. Duka da yi masa waƙa a gaban yara ƙara shi suke yi. Lokacin ci da na barci ya zama ɗaya kullum. Idan za ki fita ki gaya masa yaushe za ki dawo, ki kuma dawo a lokacin.

Abu mafi haɗari shi ne a ce maye ne. Yaro yana magana cikin barci, akuya ta mutu, ciniki ya tsaya, sai a tuna ai iyayensa ma mutuwa suka yi. Daga nan sai azumin dole da duka da sunan addu'ar kuɓutarwa.

Rabaran: Wannan nauyin a wuyanmu yake, mu masu bagade. A faɗa a fili ranar Lahadi cewa ba a kiran yaro maye a ikkilisiyar nan, wanda ya yi kuma dattawa za su kira shi. Haka nan a daina tsayar da marayu a gaba ana tara musu baiko, a daina sa hotunansu a Facebook da WhatsApp. Yaron yana jin kunya, abokansa na makarantar Lahadi suna kallo. Tsarin kuwa ba sabo ba ne: a Ayyukan Manzanni sura 6, da aka yi gunaguni kan rabon gwauraye, mutum bakwai aka zaɓa aka danƙa musu aikin. A yi kwamiti mai mutum biyar zuwa bakwai, da mace fiye da ɗaya, da malamin makaranta, da ma'aikacin lafiya in akwai. Kowane gida mai riƙo a haɗa shi da gidaje uku ko huɗu: mai taya aikin makaranta, mai raka su asibiti, mai karɓar yaron ƙarshen mako ɗaya a wata don uwar gida ta huta. Ba kowa zai iya riƙo ba, amma wannan kowa zai iya.

Shugaban Matasa: Baba Rabaran, idan yaron da aka tsinta ɗan Musulmi ne fa? Ba dama ce ta bishara ba?

Rabaran: A'a, ɗana. Amana ce. Ka juya ta: ɗanka ya ɓace a gudu, maƙwabci Musulmi ya tsince shi, me kake so ya yi? Ka ciyar da shi, ka kai rahoto, ka sanar da mai unguwa da limamin unguwa a nemi danginsa, ka bar masa sunansa da sallarsa.

Lauya: Doka ma haka ta ce. Sashe na 20 na Yarjejeniyar Haƙƙin Yara ta Majalisar Ɗinkin Duniya, wadda Najeriya ta amince da ita a 1991, ya ce a kula da addinin yaro da harshensa da al'adarsa wajen zaɓa masa inda zai zauna. A garuruwanmu kuma kun san abin da irin wannan zargi kan haifar.

Sai gado. Wani kawun ba yaron yake so ba, gonar yake so. Cikin makonnin farko bayan biso, a rubuta abin da mamaci ya bari a gaban dangin biyu da mai unguwa: gona da iyakokinta, gida, dabbobi, babur, asusun banki, fansho da garatuti. A yi kwafi uku. Wanda aka rubuta sunansa a fom a matsayin makusanci ba shi ne mai kuɗin ba, fitar da su yana bukatar takardar izinin kula da dukiyar mamaci daga sashen gado na Babbar Kotu. Wanda zai noma gonar marayu a rubuta buhu nawa zai ba su kowace kaka. Mai riƙo kuma ya sani ɗan riƙo ba ya gadonsa kai tsaye, in yana so ya bar masa wani abu sai ya rubuta wasiyya.

Dattijon Kwamitin Gini: Duk na ji. Amma har yanzu ba ku amsa mini abu ɗaya ba. An kai hari da dare, da asuba ga yara goma sha a harabar coci. Kotu ba ta buɗe ba, littafinku bai san su ba. Ina za su kwana?

Jami'ar Walwala: Tambayar tana kan hanya, Baba. Amsarta gidajen ko-ta-kwana ne, ba gini ba. Tun ana zaman lafiya a zaɓi gidaje huɗu ko biyar, ofishin walwala ya duba su ya san da su, kowanne da katifa ta daban, gidan sauro, bargo da kayan yara a ajiye, miji da mata da manyan 'ya'ya duk sun yarda. Yara biyu ko uku a kowane gida, 'yan ɗaki ɗaya tare, a rubuta wa ya tafi ina kafin su bar harabar, kwafi ɗaya ga 'yan sanda. A sa wa'adin mako shida a sake zama kan kowane yaro. Idan suka fi ƙarfin gidajen, a buɗe ajin makarantar Lahadi na 'yan kwanaki, mata biyu su kwana da 'yan mata, maza biyu da samari.

Dattijon Kwamitin Gini: Filin kuma a noma shi ke nan, masarar ta shiga rumbun kwamitin. Amma ɗaki biyu da banɗaki a gefe, na irin wannan dare, ban janye ba.

Ma'aji: Ɗaki biyu za a iya, Baba, muddin ba a sa masa allo ba. Da an rubuta gidan marayu a ƙofa za a fara kawo yara, kuma sai an yi masa rajista da ma'aikatar jiha kafin ya karɓi ko ɗaya.